Tarihin Iyakar Gudun Tsofaffin Jiragen Jet na Fasinja

Kowane jirgin jet na fasinja yana da iyakar gudu iri biyu da aka rubuta a takardar amincewa da ƙirarsa, kuma doka ta hana matuƙi ƙetare su da gangan, ko yana hawa, ko ya daidaita a sama, ko yana gangarowa. Ta farko ita ce VMO, wadda ake aunawa da ƙarfin iskar da ke dukan jikin jirgin, kuma ita ke mulki a ƙasa-ƙasa inda iska ke da kauri. Ta biyu ita ce MMO, ana auna ta da lambar Mach, wato gudun jirgi in an gwada shi da gudun sauti. Sauti yana gudun kusan kilomita 1,225 a awa a daidai teku, amma a tsayin mita 11,000, saboda tsananin sanyi, ba ya wuce kusan kilomita 1,062, don haka a can sama ita MMO ce ke karɓar ragama. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi zai ga abin mamaki. Boeing 727 yana da iyakar Mach 0.90, Convair 990 kusan 0.91, Boeing 747 na farko 0.92, alhali Airbus A320 da 737 na baya-bayan nan sun tsaya a 0.82. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ƙirar da can ta fi ta yau ƙwari. Tarihi bai goyi bayansu ba. Lambar tana nuna gudun da masu ƙira suka zaɓa su yi kasuwa da shi, tare da ratar da hukuma ta tilasta a bari tsakaninsa da inda aka gwada jirgin, kuma dukansu biyu shawara ce ta mutane da zamaninsu.

A zamanin jiragen farfela iyaka hawa biyu ce: gudun aiki na yau da kullum, da gudun da ba a wuce shi ko ta halin ƙaƙa, sai wani fili a tsakani da aka yarda matuƙi ya shiga da hattara. Wannan tsari ya dace da jirgin da farfelarsa da kanta take riƙe shi in ya sunkuya. Da Comet na kamfanin de Havilland ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg ranar 2 ga Mayu 1952, yana yada zango a Khartoum, sannan 707 na Pan Am ya biyo baya a Oktoba 1958, sai aka ga jet wata halitta ce daban. Jikinsa sumul ne, fikafikansa sun karkata baya, in ya duƙar da kai kaɗan zai cinye wancan fili cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ga kuma wata matsala da farfela ba ta cika kaiwa gare ta ba: tun jirgin bai kai gudun sauti ba, iskar da ke bin saman fiffike takan riga shi kaiwa, sai igiyar matsin iska ta tsaya a kan fiffiken, cibiyar ɗagawa ta ja baya, kan jirgin ya ƙara sunkuyawa. Sunkuyawa na ƙara gudu, gudu na ƙara sunkuyawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1959 wani 707 na Pan Am yana saman Atilantika, kyaftin ya fita wajen fasinja, na'urar tuƙi ta saki aiki ba tare da mataimakinsa ya lura ba, jirgin ya rikito daga ƙafa 35,000 zuwa kusan 6,000 kafin a ciwo kansa, ya sauka a filin jirgin Gander da lahani a jikinsa. A farkon shekarun 1960 hukumomin Amurka suka soke tsarin hawa biyu ga irin waɗannan jirage, suka kafa iyaka guda, suka kuma wajabta na'urar gargaɗi mai ƙara.

A ɗakin matuƙan 727 ko 707 iyakar ba jan layi ba ce da aka zana a jikin agogo. Allura ce ta biyu mai ratsin ja da fari a cikin agogon gudu, tana motsi da kanta. In jirgi ya haura wani tsayi, wajen ƙafa dubu ashirin da wani abu, sai ta fara sulalowa ƙasa tana matso farar allurar gudu, domin daga nan lambar Mach ce ke hukunci. Da farar ta haye mai ratsin, sai wata na'ura ta shiga ƙwanƙwasa kaf-kaf-kaf, ba ta yin shiru sai an rage gudu. Matuƙan wancan zamani sun saba gangarowa da allurorin biyu kusan manne da juna, kuma ba ganganci suke yi ba, domin an gina iyakar ne don a yi aiki dab da ita.

Dalilin da ya sa hakan bai zama kasada ba yana cikin yadda ake lissafin ratar. Sama da VMO da MMO akwai gudun sunkuyawa na ƙira, wanda dole kamfani ya nuna jirgin yana jure shi ba tare da fikafikai ko wutsiya sun kama karkarwar da ke karya ƙarfe ba. Ƙa'idar Amurka tana ƙiyasta jirgi yana tafiya a iyakarsa, ya duƙa digiri 7.5 ƙasa da hanyarsa na daƙiƙa 20, sannan a ɗago shi a hankali. Gudun da ya kai a nan bai kamata ya wuce wanda aka gwada ba. A ma'aunin Mach kuwa ratar ba ta gaza 0.05, a ƙa'idar yanzu ma 0.07 ake nema sai in an kawo hujja ta lissafi. Wato ratar ta ɗauki nauyin guguwa, kuskuren agogo da ɗan sakacin matuƙi, amma ba ta ɗauki nauyin wanda ya shiga cikinta da niyya ba.

A nan ne masu ja suke kawo labarin DC-8. Ranar 21 ga Agusta 1961 matuƙin gwaji na kamfanin Douglas, William Magruder, ya hau da sabon DC-8 zuwa kusan ƙafa 52,000 a saman sansanin Edwards da ke Kalifoniya, ya sunkuyo da shi har ya kai Mach 1.012 na kimanin daƙiƙa 16, ya sauka lafiya, daga baya aka miƙa jirgin ga Canadian Pacific ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja. Sai su ce jirgin da ya wuce sauti, me ya sa za a ɗaure shi a 0.88? Amsa ita ce wannan tafiya an tsara ta ne tun a ƙasa, babu fasinja, an zaɓi tsayi da iska, kuma duk da haka fitowa daga sunkuyawar sai da ta ba su wuya. Haka TWA 727 da ya rikito daga ƙafa 39,000 a saman Michigan ranar 4 ga Afrilu 1979 ya tsira bayan an saki tayoyi don su rage masa gudu, da 747SP na China Airlines da ya faɗo kusan ƙafa 30,000 a Fabrairu 1985 ya isa San Francisco da wutsiya a yage. Amma Boeing 720 na Northwest da ya shiga hadari bayan tashi daga Miami ranar 12 ga Fabrairu 1963 ya tarwatse a sama, mutum 43 suka mutu. Abin da ke karya jirgi sau da yawa shi ne haɗuwar gudu da fizgar da ake yi don ɗago kansa, kuma ba a kafa doka kan waɗanda suka yi sa'a.

Saura tambayar dalilin da ya sa lambobin da can suka fi na yau. A shekarun 1950 da 1960 mai yana da araha, farashin tikiti kuma hukuma ce ke ƙayyade shi, don haka kamfani ba shi da abin taƙama sai mintocin da ya rage a hanya. Masu ƙira suka karkatar da fikafikai sosai, digiri 35 a 707, 37.5 a 747, suka yarda da nauyin da hakan ke jawowa. Convair ne ya fi kowa zurfafawa: ya ɗora wa 990 wasu ƙulluttai huɗu a bayan fikafikai don sassauta igiyar matsin iska, ya yi wa American Airlines alkawarin jirgin da ya fi kowanne sauri. Gwaji ya nuna bai cika alkawarin ba sai da aka yi masa gyare-gyare, sauri ya haifi nawa, guda 37 kawai aka ƙera, kuma asarar da General Dynamics, mamallakin Convair, ya tafka a kan jiragen 880 da 990 ta haura dala miliyan 400. Bayan rikicin mai na 1973, lokacin da gangar ɗanye ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, kamfanoni suka umarci matuƙa su rage gudu a jiragen da iyakarsu ba ta canza ba ko kaɗan. Irin 727 da 747 ɗin da Kabo Air ya yi ta jigila da su daga Kano, har da alhazai, sun ƙare rayuwarsu suna tafiya ƙasa da abin da aka ƙera su dominsa.

Za a iya cewa ai wannan ma ja da baya ne, ko da kuɗi ne sanadi. Sai dai kwatanta 727 da A320 kwatanta manufa biyu ce. A320 fikafikansa digiri 25 kawai suka karkata, sun fi sauƙin nauyi, injinansa masu faɗin baki suna shan mai kaɗan, kuma a tafiyar awa ɗaya ko biyu bambancin 'yan mintoci ne. Inda tafiya ke da nisa lambar ba ta faɗi ba: 787 yana da 0.90, A350 kuma 0.89, da siffar fiffike irin wadda Richard Whitcomb na NASA ya share wa hanya a ƙarshen shekarun 1960. Concorde, wanda iyakarsa Mach 2.04 ce kuma zafin hancinsa bai kamata ya wuce digiri 127 ba, ya nuna ilimin wuce sauti da fasinja yana hannu tun 1976, ya kuma ajiye aiki a 2003. A 2001 Boeing ya sake gwada kasuwa da Sonic Cruiser mai gudun kusan Mach 0.98. Kamfanonin jigila suka nuna sun fi son jirgi mai tsimin mai, aka janye shirin a Disamba 2002, aka mayar da fasaharsa kan 787, wanda ke tafiyarsa ta yau da kullum a Mach 0.85.