Taurarin da Aka Shata Iyakar Jibiya da Su

Duk wanda magariba ta taɓa riska a Magamar Jibiya ya san yanayin wurin: manyan motoci a jere suna jiran a duba musu takardu, masu shayi suna hura wuta, direbobi suna neman ruwan alwala. Da an sallame salla, in mutum ya ba alƙibla baya ya fuskanci yamma, a watannin da take fitowa zai ga wata tauraruwa da ta fi kowace haske, ta bayyana tun sama ba ta gama duhu ba. Ita ce Zara, wadda iyayenmu ke yi wa kirari da matar wata. Mutumin Ɗan Isa da ke tsallaken shinge ita yake gani a daidai wannan lokaci, kuma da wannan suna yake kiranta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, layin nan da ya mai da ɗaya ɗan Nijeriya ɗaya ɗan Nijar, da kallon taurari aka tabbatar da inda zai bi.

Zara kanta duniya ce irin tamu mai zagaya rana, wadda malamai ke kira Zuhura, Turawa su ce Venus. Da yake hanyarta ta fi tamu kusa da rana, ba ta taɓa yin nisa da ita a idonmu fiye da digiri 47, shi ya sa ba a ganinta da tsakar dare a tsakiyar sama. Takan yi kimanin wata takwas tana fitowa yamma bayan faɗuwar rana, sai ta ɓace na ɗan lokaci, sannan ta ɓullo gabas kafin asuba. A nan ne Bahaushe ya sake mata suna, ya kira ta Gamzaki. Zara da Gamzaki abu guda ne, kuma zagayen nan yana maimaita kansa duk bayan kwana 584. Sauran 'yan'uwanta da ido ke iya gani su ne Mushtari, da Marriku mai ja-ja, da Zuhalu, da Uɗaridu mai wuyar kamu. Hanya mafi sauƙi ta bambance su da sauran taurari ita ce haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa, kuma in aka bi su na 'yan makonni za a ga sun sauya wuri.

A ƙasar Katsina da ta Maraɗi, kallon sama aiki ne na masu neman abinci. Manomi yana lissafin shekara da taurari 28, bakwai ga kowane yanayi: bazara, damina, kaka da hunturu. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, in ban da Jabha mai kwana 14, jimilla 365 ke nan. Taurarin damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kuma har yau akwai dattawan da in an tambaye su ko a yi shuka, sai sun fara tambayar wane tauraro ake ciki. Sunayen na Larabci ne, domin asalinsu masaukan wata ne da suka iso mana ta hannun malamai, amma an daidaita su da ruwan sama da ƙasar nan. Wasu kuma sunan Hausa suka samu, kamar tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Fatake ma da su suke aiki. Ayarin da ya nufi Agadas a lokacin zafi yakan yi tafiyar dare, madugu kuwa ba shi da allon hanya da ya wuce sama.

Can cikin birni, a tsakanin malamai, wannan sani ya shiga littafi. Katsina ta yi suna da karatu tun zamanin da aka gina hasumiyar Gobarau, kuma daga cikin waɗanda ta yaye akwai Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da falaki. Ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya ƙare da zama a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi, wato gidajen lambobi da ke ba da jimilla guda ta kowane ɓangare aka tara su, ya kuma rubuta al-Durr al-Manzum a kan taurari da ɗalasimai. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma gwani ne a ilmin falaki, kuma mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Bakatsine ne ya zauna cikin manyan masana falaki na Alƙahira, suka karɓe shi a matsayin ɗaya daga cikinsu.

Sai dai a wancan zamani lissafin tafiyar taurari da duba da su a cakuɗe suke, kuma littafin al-Kashnawi bai kuɓuta daga wannan ba. Malaman jihadi sun tsaya a kan raba su. Sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara abu ne halal mai amfani. Da'awar cewa tauraro ke juya rabon mutum kuwa suka yi tir da ita, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi yana gargaɗi a kan masu wannan sana'a. Wannan bai hana shi kansa sanin sama ba. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya nuna wa Bello kayan awonsa da taswirar sama. Clapperton ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya san buruji duka, ya kuma ambaci taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Kayan da aka shimfiɗa a gaban Bello ran nan, ire-irensu ne za su dawo bayan shekara tamanin da 'yan kai a hannun masu yanka ƙasa.

Kafin zuwansu akwai rabuwa tsakanin Katsina da Maraɗi, amma ta sarauta ce. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, aka yi ta yaƙi da sulhu tsawon ƙarnin. Dajin da ke tsakani ba shi da layi. Layin a Turai aka fara zana shi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da iyaka daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Chadi. A 1898 suka sake shiri, suka kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100. Faransawa suka tarar an tura su cikin hamada, babu hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram, suka yi ta ƙorafi. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906 suka sauko da layin kudu, Maraɗi ta tabbata a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila.

Saura a sauko da abin da ke kan takarda zuwa ƙasa. Wannan aiki aka ba kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, tsakanin 1906 da 1908. A filin da babu taswira mai inganci, hanyar da mai awo ke sanin inda yake tsaye ita ce sama. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tsayin tauraron arewa daga gefen sama kusan daidai yake da nisan wurin daga tsakiyar duniya. A Jibiya digiri 13 ne da 'yan kai. Don sanin gabas da yamma kuwa, sai a auna lokacin da wani tauraro ya kai wani tsayi, a gwada da agogon da aka yi dakonsa cikin akwati. Bambancin minti huɗu shi ne digiri guda. Haka suka riƙa kwana suna awo, suna wayewa suna kafa alama, har suka dasa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi, gwamnatocin biyu suka amince da su a 1910. Cikin tawagar Faransa akwai tafinta Landeroin, wanda ya tattara tarihin sarakunan Maraɗi da Gobir daga bakin mutanensu, shi da Tilho suka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. Sun auna ƙasar, sun rubuta harshenta, sun tafi da duka biyun.

A ganina darasin tarihin yana nan. Manomin Jibiya da mai awon Faransa sama guda suka kalla, kuma da wuya a ce Baturen ya fi dattijon sanin taurarin wurin. Abin da ya fi shi da shi awo ne da alƙalami: ya mai da abin da ya gani lamba, lambar ta zama taswira, taswirar ta zama doka. Dokar ce ta tsai da motoci a Magama lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ta sake tsai da su bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ita ce kuma ke sa a wasu shekaru a yi Salla a Ɗan Isa alhali ana azumi a Jibiya, domin jinjirin wata guda hukumomi biyu ke yanke hukunci a kansa.

Mu kuwa da muka gaji ɓangarorin biyu, na dattawa da na boko, muna gab da rasa kowanne. Sunayen taurarin damina suna tafiya tare da masu su. Matsalar tsaro ta hana ƙauyuka da yawa na yankin Jibiya zaman dandali da dare, wurin da yaro ke fara jin sunan Zara. A birni kuma hasken fitila da na waya sun ɗauke mana ido. Da yawanmu mun karanta jerin duniyoyi a aji uku na sakandare, mun ci jarrabawa, ba mu taɓa nuna ko guda da yatsa ba.

Gyaran bai buƙatar kuɗi. A lokacin kaka, bayan ruwa ya wanke sama kuma ƙurar hunturu ba ta taso ba, a tsaya a tsakar gida bayan isha'i a fuskanci arewa sosai. A miƙe hannu a dunƙule shi: faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne. A ƙasar Katsina, dunƙule guda da ɗan ƙari daga gefen sama za a tarar da wani tauraro matsakaicin haske wanda ba ya gusawa duk dare. Wanda ya yi haka ya maimaita awon Tilho da hannunsa. Mai madubin hangen nesa irin na hannu biyu, in ya jingina shi da katanga ya saita Mushtari, zai ga ƙananan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi, watanninsa ne da Galileo ya gani a 1610, kuma gobe za su sauya tsari. Zara kuwa littafin rubutu kawai take so: kwanan wata, lokaci, da tsayinta a kan wata bishiya ko rufin maƙwabci. In akwai dattijo a gidan, a tambaye shi wane tauraro ake ciki, a rubuta amsarsa a shafi guda da awon.