Diflomasiyya: Daga Takarda Zuwa Iya Baki

Diflomasiyya da diflomar da ɗalibai ke karɓa a kwaleji uwarsu ɗaya. A Girkanci asalin kalmar na nufin takarda mai ninki biyu, Romawa suka laƙaba wa takardun izinin hukuma. Faransawa ne, a ƙarni na 18, suka mayar da ita sunan aikin jakadu. Mu kuwa muka ɗora mata wutsiyar Larabci, irin ta dimokuraɗiyya.

A bakin 'yan jarida, ita ce irin aikin Arvid Pardo, jakadan ɗan tsibirin Malta, wanda a 1967 ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki arzikin ƙarƙashin teku gadon kowa da kowa. Amma a gari, idan aka ce wane ya yi maka diflomasiyya, to ya hana ka ne yana murmushi.