Daga Ijazar Malam Jibrila zuwa Jarrabawar Intanet

Tun kafin zuwan Nasara ƙasar Adar take da hanyarta ta auna ilimi mai zurfi. Ɗalibi yakan durƙusa gaban malaminsa ya karanta littafi daga fari har ƙarshe, ana gyara masa. In malam ya gamsu, sai ya ba shi ijaza mai ɗauke da sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Irin wannan ijaza Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda kabarinsa yake a ƙasar Madawa, ya bai wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi.

Boko ya zo da takardar jarrabawa da maki. A 1964 Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a makarantun firamare, a 2010 aka kafa Jami'ar Tawa, annobar korona ta 2020 kuma ta tilasta wa jami'o'in duniya yin darasi da jarrabawa ta intanet.

Sai dai ɗalibin ƙauyen Buza ko Keita da ba shi da lantarki, me irin wannan jarrabawa za ta auna a wurinsa, iliminsa ko ƙarfin aljihunsa? Ijaza ta yi daraja ne domin mai bayar da ita ya san wanda ya shaida.