Tauraron Burma ba shi da suna, takarda ce shaidarsa



Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a ajiye furanni, a saki tattabaru, kafin azahar kowa ya watse. Ba laifi. Amma akwai wani haƙƙi na tsofaffin sojoji da ba a biyansa da fure, kuma yana kwance a cikin adaka a gidaje da yawa, daga Yako zuwa Kiru, daga Bebeji zuwa Tudun Wada da Doguwa. Ina nufin takardar sallama daga aikin soja. Wata gara ta ci gefenta, wata suna ba daidai ba, wata kuma babu ko layi ɗaya da ya nuna mai ita ya taɓa ƙetare teku, alhali duk gari an san ya je.

Ku yi haƙuri rubutun yana da ɗan tsawo. Sai mun koma baya za a gane dalilin da ya sa gyaran wannan takarda ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wanda ya san Kano ya san barikin Bukavu. Bukavu gari ne a gabashin Kongo, inda sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. A Zariya akwai barikin Chindit, a Kaduna akwai Dalet da Kalapanzin, a Ibadan akwai Letmauk, a Legas akwai Dodan da Arakan da Myohaung. Waɗannan duk sunaye ne daga yaƙin Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Wato gwamnati ta rubuta inda kakanninmu suka je a jikin ƙofar bariki. Abin tambaya shi ne, an rubuta a takardar kowane ɗayansu?

Rundunar da suka yi wa aiki ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897 don yankin Afirka ta Yamma. Da Hausa ake ba da umarni a ɓangarenta na Najeriya, har hafsan Bature sai ya koyi Hausa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, sai aka buɗe ɗibar soja ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. A Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Wasu sun shiga da kansu don albashi da kaki, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su saboda an yanka masa adadin da zai kawo. Layin dogon da ya ratsa yankinmu tsakanin Kano da Zariya, wanda yake kwasar gyaɗa, shi ya riƙa kwasar samari.

Farko an kai su gabashin Afirka yaƙar Italiya. Birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka wuce har Harar a ƙasar Habasha. Bayan nan, a 1943, aka kafa runduna ta 81 da ta 82, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Burma don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, dajin da mota ba ta shiga, sai dai a jefo musu abinci da harsashi daga jirgin sama. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka kai bayan layin abokan gaba a 1944. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama garin Myohaung. Sojojin Afirka ta Yamma da suka je wannan fage sun kai kimanin 90,000, kuma fiye da rabinsu 'yan Najeriya ne.

A cikinsu akwai dubban da aikinsu dako ne. Su ke ɗaukar akwatin harsashi da kayan manyan bindigogi a ka, su hau tsauni su sauka cikin ruwan sama. Su ma sojoji ne masu lamba, su ma an harbe su, su ma zazzaɓi da atuni sun kashe su. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To ina matsalar takarda ta samo asali? Daga ranar ɗauka. Saurayi ya zo gaban akawu, a tambaye shi sunansa, ya ce Audu. Daga ina? Ya faɗi sunan ƙauyensu, akawu bai taɓa ji ba, sai ya rubuta babban garin da ya sani. Shi ke nan ya zama Audu Kano. Ba sunan uba, ba ranar haihuwa, shekaru ma da ido ake ƙiyastawa. Wani kuma ya gudo daga gida ne, sai ya ba da sunan da ba nasa ba don kada a biyo shi. Shi ya sa idan ka duba jerin sojojin wancan zamani za ka ga sunan gari ya zama sunan mahaifi: Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato, Bauci. Audu Kano nawa kake jin akwai a runduna ɗaya? Abin da ya raba su kawai lambar soja ce.

Sannan ranar sallama. Yaƙi ya ƙare a 1945, aka yi ta dawo da su ta tashar jirgin ruwa ta Legas har cikin 1946, aka sallami dubun-dubata cikin 'yan watanni. Mu da muke aikin ofis mun san abin da ke faruwa da fayil idan aka ce a gama shi yau-yau. Mai takardar kuma galibi ba ya karatun boko, balle Turanci. An miƙa masa, ya naɗe ya sa a aljihu, hankalinsa na gida. Ko an rubuta ya je Burma, ko an bar gurbin babu komai, ba shi da hanyar sani.

Wani zai ce, ai ga minda nan a gida, ita ma shaida ce. A nan gizo ke saƙar. Lambobin halartar yaƙin da Ingila ta raba bayan 1945, irin su Tauraron Afirka da Tauraron Burma, ba ta buga sunan kowa a jikinsu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga suna da lamba a jikin minda, a na biyu ba a yi ba. Saboda haka tauraron da ke cikin adakar kakanka daidai yake da wanda wani zai saya a wurin masu sayar da kayan tarihi. Abin da kawai ke haɗa wannan ƙarfe da wannan mutum shi ne takarda. In takarda ta yi shiru, tauraro ya zama kayan ado.

Kuma a sani, Tauraron Burma ba lambar jarumta ba ce ta mutum ɗaya-ɗaya. Lambar halarta ce, ta wanda ya yi aiki a wannan fagen tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ɗan dakon da na ambata yana da haƙƙinta kamar yadda samanja yake da shi. Kada wani ya ce ai kakanmu kaya kawai ya ɗauka, ba sai an nema ba.

Ku dubi Samanja Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu. Ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Burma, ya samu lambobin yabo, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Yau akwai bariki da sunansa a Lakwaja, kuma a cikin wannan barikin ofishin adana bayanan sojojin ƙasa na Najeriya yake. Mun san shi ne saboda an rubuta aikinsa daki-daki. Su wa suka tsaya kusa da shi a ramin yaƙi? Wannan sai Allah, sai kuma takardun da ke hannun jikokinsu.

Kada kuma a ɗauka duk kuskuren akawu ne. Wani abin da gangan aka tsara shi. A 2019 aka bankaɗo wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 kan kuɗin sallamar sojojin gabashin Afirka: farabiti Bature sule goma kan kowane watan aiki, farabiti baƙar fata sule uku da sisi. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin zai iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi afuwa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka yi wa Faransa soja su ma sun ɗanɗana. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta rena, na Faransawa yana hawa, nasu yana tsaye. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, aka ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Sai a 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta rushe wannan bambanci. Haka nan a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman kuɗinsu. Shekara tamanin ana kiran abin tawaye. A 2024 ne aka gyara matsayin mutum shida daga cikinsu zuwa waɗanda suka mutu saboda Faransa, Shugaba Macron kuma ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Darasin a fili yake. Takardar hukuma tana gyaruwa, ko bayan shekara tamanin. Amma a duk misalan nan babu inda hukuma ta farka da kanta. Iyali ne da masana tarihi da 'yan jarida suka nace.

To mu me ya kamata mu yi?

Na farko, a fito da takardar a ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, a yi fotokwafi. Kada a goge, kada a ƙara ko harafi ɗaya da biro. Wanda ya gyara da hannunsa ya kashe shaidarsa da kansa. Abin da ya fi komai daraja a jikinta shi ne lambar soja da sunan bataliya.

Na biyu, a zauna da tsofaffin gida a naɗi muryarsu. Wace shekara ya tafi, da wa suka tafi, wane suna ake kiransa da shi a bariki? Sau da yawa sunan barikin ne mabuɗin, ba sunan yanka ba.

Na uku, a bincika ta intanet. Hukumar kaburburan yaƙin da na ambata tana da rumbun sunaye kyauta, kuma a dutsen tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Najeriya a ciki. Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba, ya gwada sa sunan gari a gurbin sunan mahaifi. Ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew ita ma ta sa takardun shawarar ba da lambobin jarumta na wancan yaƙi a intanet, inda kwamanda ya bayyana abin da soja ya yi.

Na huɗu, a rubuta takardar neman gyara ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha, wadda doka ta kafa tun 1964, zuwa ofishin bayanan soja na Lakwaja. A haɗa da kwafin takardu, da takardar rantsuwa ta kotu cewa wane da wane mutum ɗaya ne, da wasiƙar dagaci ko hakimi. A riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a riƙa bibiya. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House, duk a Kaduna, wurare ne da ɗalibanmu na tarihi za su iya taimaka wa iyalai da bincike.

Mafi gaggawa kuwa su ne masu rai. 'Yan Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma waɗanda suka je Kongo, da Labanan daga 1978, da Cadi, da Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur, suna nan a unguwanninmu, wasu suna gadi, wasu suna noma. A karanta musu takardunsu yau. Shin an rubuta tafiyar? An rubuta lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta ECOMOG? Sunan da ke jiki ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na banki? Harafi ɗaya kan iya tsayar da fansho ranar tantancewa, kuma abin da mutum zai gyara da bakinsa da abokan aikinsa a raye, matarsa da marayunsa za su sha wuya kafin su gyara shi bayan ransa.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da iyayenmu hakimai: a buɗe rajistar tsofaffin sojoji gunduma-gunduma, suna da lamba da inda mutum ya je. Littafi ɗaya ne da ma'aikaci ɗaya mai amana. Ta hannun masu gari aka ɗebe su, ya dace ta hannun masu gari a dawo musu da sunansu.

Wanda yake da irin wannan takarda a gida, ya duba ta a makon nan, kafin damina da gara su riga shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, na gida da na dajin Kaladan. Allah Ya ba masu rai lafiya, Ya fitar musu da haƙƙinsu. Amin.