Buhari a Ƙasar Machina

A shekarar 1850 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari ɗan Sambo daga sarautar Haɗejiya, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya fice da mahayansa zuwa ƙasar Machina, ƙarƙashin inuwar Barno.

Zaman baƙunci kan cinye tuɓaɓɓen sarki sannu a hankali. Barori na bin mai raba doki da riga ne, shi kuwa baƙo hatsin wani yake ci. Duk daminar da ta wuce, wasu za su sulale gida su yi wa sabon sarki caffa.

Buhari bai jira hakan ba. A 1851 ya komo da yaƙi, ya kawar da Ahmadu. A 1853 ya tarwatsa rundunar Sakkwato a Kaffur, ya riƙe garin har rasuwarsa a yaƙin Gogaram, 1863.