Tashar NTA Kafanchan da Tarihin Talabijin a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin watsa labarai a Nijeriya sun fi mayar da hankali ga manyan tashoshin Ibadan da Kaduna da Legas, suna barin ƙananan da aka kafa a garuruwan da ba hedikwatar jiha ba. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan, wato tashar NTA ta Kafanchan, domin nuna cewa kusantar da na'urar watsa hoto ga jama'a daban ne, ba su damar jin muryarsu a cikinta kuma daban.

2.0 Zamanin Kallo Daga Nesa

Talabijin ya fara a Nijeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, da tashar WNTV ta Ibadan. Arewa ta bi sahu a watan Maris na 1962, lokacin da kamfanin BCNN, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, ya buɗe tashar RKTV a Kaduna. A 1974 kuma gwamnatin Joseph Gomwalk ta Jihar Binuwai-Filato ta buɗe tashar BPTV a Jos, wadda ta riga kowace tasha a ƙasar nuna hoto mai launi a 1975.

Sai dai hoton talabijin ba ya tafiya kamar muryar rediyo mai gajeren zango. Miƙewa yake yi sak daga kan turken tasha zuwa eriyar mai kallo, kuma dutse ko tudu na iya tare shi. Kudancin Kaduna kuwa ƙasa ce ta duwatsu, musamman wajen Kagoro. Saboda haka, ko da yake Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tun 1927, ta daɗe tana gefen taswirar talabijin. Mai akwati a Kafanchan ko Zonkwa ko Fadan Kaje sai ya kafa dogon ƙarfe a bayan ɗaki, yana juya eriya tsakanin Kaduna da Jos, yana neman inda hoto zai fi fitowa.

Dokar Soja mai lamba 24 ta 1977 ta tattara dukkan tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon kafa nasu, amma su ma a manyan biranensu suka gina su.

3.0 Illar Rashin Murya

Wannan nisa bai tsaya ga dusashewar hoto ba. Yankin gida ne ga Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok da Hausawa da Fulani da wasu al'ummu, kowace da harshenta, amma labarinsu daga wani wuri ake tsara shi a aiko musu. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, ya haifar da doguwar muhawara a kan rawar da rahotannin kafofin watsa labarai na Kaduna suka taka. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya ƙara fito da matsalar fili: yankin da ba a jin sunansa sai ran tashin hankali, da tashin hankalin kawai za a san shi. Ko da aka kafa masarautun Bajju da Atyap a 1995, babu wata tashar talabijin ta kusa da za ta ɗauki al'amuransu na yau da kullum.

4.0 Zuwan Ƙaramar Tasha

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta shiga faɗaɗa NTA, aikin da ya kankama a zamanin shugabancin Ben Murray-Bruce (1999-2003). Manufar ita ce a kai tasha ga garuruwan da ke nesa da hedikwatar jiha, har yawan tashoshin hukumar ya kai kimanin 100. Tashar Kafanchan tana cikin 'ya'yan wannan shiri. Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya, domin tun 1982 hukumar sadarwa ta Amurka ta ware lasisi na musamman ga tashoshi masu ƙaramin ƙarfi, don amfanin ƙauyuka da ƙananan al'ummu.

Amfanin irin wannan tasha a bayyane yake. Na'urarta ba ta da tsada kamar ta babbar tasha, kuma kasancewarta kusa ya sa hoto yakan isa gidajen da ke kewaye ba tare da dogon ƙarfe ba. Bikin gargajiya irin na Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko naɗin sarauta, ko sanarwar rigakafi, duk abubuwa ne da tashar gida ta fi kowa cancantar ɗauka.

Duk da haka, tsarin ya zo da tarnaƙi guda uku. Na farko, reshe ce ta tashar ƙasa, dole ta haɗe da cibiya a lokutan da aka fi kallo, kamar labaran ƙarfe 9 na dare. Na biyu, tun bayan dokar 1988 da ta tura hukumomin gwamnati neman kuɗin shiga, an sa ran tashoshin NTA su riƙa samun wani kaso daga talla, alhali kasuwar ƙaramin gari ba ta da manyan masu talla, ga kuma tsadar man janareto. Na uku shi ne harshe. Ingilishi da Hausa su ne suka fi sauƙin haɗa jama'ar yankin, amma dogaro da su yana rage filin Jju da Tyap da Hyam, waɗanda su ne suka fi bukatar allon.

5.0 Kammalawa

Zamani bai jira ƙananan tashoshi ba. Shigowar StarTimes a 2010, da fara sauya watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital a Jos a 2016 da Kaduna a 2017, da yaɗuwar wayar hannu, sun kawar da matsalar nisa wadda ita ce dalilin kafa su. A yau manomin citta a ƙasar Jaba yana iya kallon duniya ba tare da tashar Kafanchan ba. Abin da ba zai samu daga tauraron ɗan'adam ba shi ne farashin citta a kasuwar Kwoi, cikin harshen da ya tashi da shi. A nan ne sauran hujjar wanzuwar ƙaramar tasha take, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna ta.