Haver: Mai Riƙe da Takarda a Shari'ar Sikotlan

A kotunan Sikotlan, haver shi ne mutumin da takardun da ake buƙata a matsayin hujja suke hannunsa, ko da ba shi da hannu a rigimar. Kalmar ta fito daga aikatau mai ma'anar riƙe abu ko mallakarsa. Banki, asibiti ko akanta duk suna iya zama haver. Ta daɗe a bakin lauyoyin babbar kotun Edinbara, wadda Sarki James na Biyar ya kafa a 1532, kuma ta tsira bayan haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707, domin yarjejeniyar haɗewar ta bar wa Sikotlan dokokinta da kotunanta.

Abin da ya raya kalmar shi ne aikin da take yi, domin tana raba mai riƙe da takarda da mai ba da shaida. Mai neman takardu yakan rubuta jerin abin da yake so, alƙali ya amince, sannan a naɗa wakilin kotu da zai kira haver ya rantsar da shi. Tambayoyin ba sa wuce takardun: suna wurinsa, ina suke, wa ya karɓe su? Ba a tambayarsa wa ke da gaskiya. Wata doka ta 1972 ta faɗaɗa wannan hanya, har kotu na iya ba da umarnin fito da takardu tun kafin a shigar da ƙara.

Masu suka suna cewa kalmar ta tsufa, kuma tana rikitar da wanda sammaci ya iske, tunda a bakin mutanen Sikotlan akwai wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ke nufin surutun banza. Kokensu na da tushe, amma gyaransa shi ne a yi wa mutum bayani a cikin sammacin. In aka kira shi mai shaida, an ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Wasu kuma suna tsoron tonon asiri. A nan ma kotu ba ta yarda a yi lalube cikin takardun mutane don neman abin ƙara, kuma haver na iya miƙa abin da yake ganin sirri ne cikin ambulan a rufe, wanda ba a buɗewa sai da izinin alƙali.